Kwalbar da Ke Cikin Leda

"Saura minti arba'in," Tela ya faɗa wa kansa, yana tura 'yar kwalbar cikin leda.

Shekara bakwai shi da matarsa ba haihuwa. Likita ya ce maniyyinsa ne ke da rauni, amma za a tace shi, a saka mata a mahaifa da sirinji. Sharaɗi ɗaya ne, ya kai kwalbar cikin sa'a guda. Matar tana can asibiti tana jiransa. Ba wanda suka gaya wa, balle Inna, mahaifiyarsa.

Yana buɗe ƙofa sai ga Inna da atamfa a hannu.

"Yauwa, ɗan halak! Zo ka auna ni."

"Inna, sauri nake yi."

"Ko gaisuwa babu? Mene ne a ledar nan?"

"Maganin tari ne."

"Ni dai ban ji kana tari ba."

Ya ƙaƙalo tari har sau biyu. Ya rataya ledar a hannun babur.

Inna ta ƙura wa ledar ido, ta ga yadda yake ta duban agogo. Ta ajiye atamfar.

"Cire ta daga nan, sakarai, iska za ta sanyaya su. Saka ta cikin riga, ɗumin jiki suke so."

Tela ya ciro ledar. "Inna, ya aka yi kika sani?"

"A hammata babanka ya kai ka asibiti cikin irin wannan kwalbar, kuma a kan keke. Kai da ka samu babur, me kake jira? Wuce!"