Lambobin Romawa a Jikin Azara

Kai da kake cewa karatun da ba a cin tuwo da shi kaya ne kawai, gyara zama ka ji misalin wani magini.

Garinsu a bakin gulbi yake, kowace damina ruwa sai ya gutsiri gaɓa, har hukuma ta yanka wa mutane fili a kan tudu ta ce a ƙaura. Kowa ya tashi ban da mahaifiyar maginin nan. Tsohuwar tana zaune a soron da marigayi mijinta ya rufa da hannunsa, azara gajeru da dogaye an jera su a karkace suna cizon juna kamar saƙar tabarma, kowace an sassaƙe ta daidai gurbinta. An yi lallashi, an turo liman, an turo jikoki, duk a banza. Ta ce, "A ƙarƙashin rufin nan aka kawo ni, a ƙarƙashinsa za a fitar da ni. Ran da rufin ya tashi, na tashi." Ita dai ta faɗa ne don a ƙyale ta. Ɗan kuwa ya riƙe maganar gam, domin ruwa ya riga ya cinye garkar bayan gida, ga damina ta ƙarato, tsoron abin da zai sami uwarsa ya hana shi sukuni.

Ya je kan tudu ya ta da bango awo ɗaya da na tsohon soron. Saura rufi. Sauke azara ba wuya, mayar da kowace gurbinta shi ne aikin, don in ɗaya ta ɓata wuri sauran ba za su zauna ba. Dole kowace ta ɗauki lamba. Ya gwada gawayi a wani guntu, yayyafi ya wanke. Ya ɗauki gizago zai sara lambar, to biyu da uku da takwas duk lanƙwasa ne, shi kuwa gizago bai san kwana ba, jikin giginya sai tsagewa yake yi. Yana zaune ya yi tagumi, sai ya tuna wani karatu da ya sha bulala a kansa a aji huɗu, kafin ya bar makaranta ya bi ubansa gini, wato lambobin Romawa. Sara ɗaya a tsaye, ɗaya ke nan. Sara biyu da suka haɗa kai a ƙasa, biyar. Sara biyu a gicciye, goma. Ɗaya tsaye ɗaya kwance sun yi kusurwa, hamsin. Ashe rubutun masu sara ne tun asali, babu lanƙwasa ko ɗaya a cikin abin da yake bukata! Da ya zo kan tara ya tsaya, ya ga in aka juya azarar kai ƙasa, sara ɗaya a gaban goma zai koma bayanta, tara ta zama sha ɗaya. Sai ya rubuta tara a matsayin biyar da sara huɗu a bayanta, yadda ko jaki ne ya juya ta ba za ta yi ƙarya ba.

Ya kafa wa tsohuwa rumfa a tsakar gida, ya hau soro ya kwashe ƙasa, yana sara yana saukewa. Masu wucewa suna dariya, wai magini ya koma wanzami, yana yi wa itace tsagar gado. Ya ci gaba da aikinsa. Amalanke ta kwashe azara ta zube su a kan tudu birjik, an cakuɗa ta gabas da ta yamma. Ya tsuguna yana karanta sara, ɗaya ta bi ɗaya, kowace ta faɗa gurbinta ba tare da ya ƙara mata sassaƙa ba. Da ta ƙarshe ta zauna, masu dariyar nan su suka fara kabbara.

Aka ɗauko tsohuwa tana ɓata rai, ta shiga, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Can ta nuna wata azara da sandarta ta ce, "Ga mai doron nan. Kullum marigayi cewa yake zai canza ta." Ta share ido da bakin zane, ta ce a shigo mata da gadonta. Mata suka rangaɗa guɗa, magini ya fita bayan ɗaki ya yi kukan daɗi. Daminar nan ba ta raba ba sai da gulbi ya haɗiye tsohon bango, tsohuwa tana kan tudu tana kaɗa audugarta. Ka ga, Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.