Sunan da Ke Buɗe Zanen

Yara ashirin da uku gare ni a aji, yawancinsu rikicin Bamenda ne ya koro iyayensu zuwa unguwar Briqueterie. Kwamfuta kuwa ɗaya ce tal, tsohuwa. Don kada su goge wa juna aiki, na ƙera alama guda a kan allonta, mai duba sunan da aka shiga da shi ta kai kowa dosiyensa, wato ma'ajiyar aikinsa. Yanzu cikin kwamfutar ya cika, har na jera sunayen waɗanda suka daina zuwa a takarda, zan share su daga kwamfutar.

Ina haɗa jakata, bayana na ciwo, sai ƙaramarsu ta fashe da kuka. Wata uku ke nan yayanta ya koma Bamenda ɗauko kakarsu, har yau shiru.

"Malam, ka goge! Nan yaya yake dannawa zanen gidanmu ya fito. Na danna, wayam!"

"Da wane suna kika shiga, 'yata?"

"Nawa mana."

"To naki ta buɗe miki. Fita, ki rubuta nasa."

Ta rubuta da yatsa ɗaya, tana jan hanci. Ta sake danna alamar. Ga gida mai jan rufi, ga bishiyar fiya, ga yarinya a bakin ƙofa, bai ƙarasa mata hannu ɗaya ba.

Na zaro takardar, na soke layi na uku, inda sunan yayanta yake.

Ba ta ga abin da na yi ba. Ta dai gane cewa muddin sunan yayanta yana ciki, zanen bai ɓata ba.