Takobi a Ƙarƙashin Gado

Tana cikin shara ta hango ƙotar takobi a ƙarƙashin gadon autanta. Ta saki tsintsiyar. Ashe shi ya sa yaron ya rina gashinsa ja, yake kulle ɗaki yana ihu da wani yare? Ga shi kwanan nan aka kwashe samarin layinsu saboda sun sari mutum.

Ta zauna bakin gadon, ta kasa ko taɓa takobin, har yaron ya dawo daga makaranta.

"Wa za ka kashe?" Ta nuna masa ƙarƙashin gadon.

"Kisa kuma? Mama, na jarumin wani fim ɗin katun na Japan ne. Gasar yin shiga irin tasu za mu je."

Ta sa hannu biyu ta fizgo takobin, saura kaɗan ta faɗi ta baya. Kwali ne aka shafa wa fenti.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta kwaɗa masa shi a ka. Takobin ya lanƙwashe.

"Mama! Gobe ne fa gasar!"

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. "Ɗauko gam, ja'iri. Ni zan riƙe maka."