Baƙin Tabon Ƙasan Hoto

"Kin yanke babanku," in ji Mama, ta ture littafin hotunan gefe.

Wata uku na yi ina haɗa mata shi bayan rasuwar Baba. Ɗaukar hoto nake koyarwa a Bergen, can ƙasar waje, na san abin da ke ɓata hoto. Shi ya sa na datse wani baƙin tabo da ke ƙasan kowanne, don ido ya tafi kan fuskokinmu.

"Haba Mama, yaushe Baba ya taɓa shiga hoto? Kullum shi ke ɗauka."

"Ke da karatunki! Miƙo min gwangwanin biskit ɗin can."

Ta zaro hoton asali daga ciki: mu uku a bakin teku cikin rigunan sanyi, duk mun ƙanƙance ido. Dokar Baba ke nan, sai rana tana bayan mai ɗauka.

Ta ɗora yatsa kan tabon. Ashe inuwa ce doguwa, da hula, ta miƙe bisa yashi har ta taɓa ƙafafuna.

"Shekara arba'in," ta ce, "nan idona ke fara sauka."