Hancin Kunz

Da wuƙar yankan albasa Gutlin ta ɓalle zagayayyen ƙyallen rawaya da doka ta ce kowane Bayahude ya ɗinka a ƙirji. Ƙyallen ya fita, shatinsa ya zauna daram, don rana ta koɗar da rigar ko'ina ban da wajen.

Tunda annoba ta shigo garin Eberstal aka ce Yahudawa ne suka zuba wa rijiyoyi guba. Ba wanda ya tambayi ina su suke ɗiban ruwa. Ranar Laraba aka cinna wa unguwarsu wuta, har da mahaifinta Mendel. Yau Juma'a, duk Bayahuden da aka kama a ƙofar gari, wutar ce makomarsa.

Kuma ƙofar a hannun wani mai gadi Kunz take. Mutanen gari sun yi imani Bayahude yana da wari nasa daban, Kunz ne kuwa Allah ya ba hancin ganewa. Shekara goma sha biyu majalisar gari na ciyar da hancin nan kamar ɗan sarki. Ba ya cin naman alade, wai maiƙon yana toshe masa hanci. Ba ya fitowa ran Asabar, wai hanci ma yana son hutu. Ba mai gardama, tunda kowa ya shaida ko Bayahude ɗaya bai taɓa wucewa ta gabansa ba.

Gutlin ta bi layi bayan mai keken kabeji, ta rungume kwandonta a ƙirji. Tana jin Kunz yana ɗura wa Yahudawa zagi, dakaru biyu suna ta dariya.

Da layi ya zo kanta ya ce ta sauke kwandon. Ta sauke. Idonsa ya faɗa kan shatin, ya daɗe a wajen. 

Ya sunkuyo ya shinshina wuyanta, ya yi atishawa, ya hankaɗe ta. Ta kifa cikin taɓon da kekuna suka dama, gaban rigar ya ɓaci kaf.

"Kunz, me hancin ya ce?" in ji wani dakare.

"Ƙazanta ce kawai irin tamu ta Kirista. Rabonta da wanka tun ranar da aka yi mata baftisma a coci."

Dakarun suka kwashe da dariya har ɗaya ya saki mashinsa. Kunz ya finciko ta daga taɓon, ya ja ta har bakin gada yana zaginta, ya cusa mata kwandon. A nan ya kawo baki kusa da kunnenta.

"Ɗaga ƙafa, 'yar Mendel, ki isa daji kafin rana ta faɗi, Asabar ta kusa shigo mana."