Wanda Ya Faɗi a Layin Fansho

Tun da doka ta ce duk mai sauran ƙarfi ya koma aiki, 'yan fansho suka koyi tafiya a duƙe. Ranar tantancewa, wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a layi, kowa ya kau da kai, don na'urar bango tana kallo. Iya Delu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta ja tsaki ta ɗaga shi.

A tebur, ma'aikacin ya ce, "Iya, kin ɗaga kilo sittin. Ranar Litinin ki koma aiki."

"Kai ɗan nan, in bar shi ya mutu?"

"Ai da an raba muku kasonsa."

Ta waiwaya ta dubi layin. Ashe ba tsoron na'ura kaɗai ya hana su sunkuyawa ba.