Motar da Ke Jin Bugun Zuciya

Tun da aka kafa dokar hana mota gudu da mai ɓacin rai, Mamuda bai taɓa damuwa ba. Kullum cikin nishaɗi yake shiga jar motarsa ta lantarki, ta lashe Kano zuwa Haɗeja kafin shayi ya huce.

Yau aka ce yayansa Ilu ya rasu, jana'iza a Haɗeja bayan azahar. Yana kama sitiyari, motar ta ji bugun zuciyarsa.

"Ranka a ɓace yake, Alhaji," in ji ta cikin ladabi. "Gudun arba'in za mu yi."

"Arba'in ɗin uwarki! Yayana ne ya mutu, so kike in yi dariya?"

Ya take totur har ƙasa, ya kai wa sitiyari duka. Ta koma talatin. Yana ji yana gani tirelar shanu ta wuce shi.

Yana isa Ringim, kawunsa ya kira: "Sai haƙuri, Mamuda. Gawa ba ta jira, mun kai shi."

Jikinsa ya mutu, hannuwansa suka yi sanyi a kan sitiyarin.

"Madalla, Alhaji, ka huce," in ji motar. "Yanzu sai mu yi gudu."